Jerin kayan inji a SolidWorks: in saita shi a manhaja ko in kwashe zuwa Excel?

Matashin_Injiniya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Tambaya gare ni ga masu aiki da SolidWorks, manhajar zanen inji a kwamfuta. Na zana injin casar masara, ƙaramin nan mai aiki da injin fetur, na haɗa komai ya zauna daidai. Inda na maƙale shi ne jerin kaya, wato teburin BOM da ake ɗorawa a kan zane. Da na saka shi, a gurbin lamba sunayen fayil ne suka fito, su "Part7" da "kafa sabuwa final2", gurbin bayani kuma fayau. Firam ɗin da na yi da angul 40x40x4 ya fito a layi ɗaya, adadi 1, alhali guntaye 12 ne: ƙafafu 4 masu tsawon 750, dogayen gefe 4 masu 900, gajeru 4 masu 500. Ogan da zai ƙera kuwa ya ce shi takardar da zai ba yaronsa ya tafi kasuwar Ƙofar Ruwa yake jira.

Wani abokina ya ce in daina wahalar da kaina, in tura teburin Excel in rubuta abin da nake so da hannu. Gaskiya ni ma na karkata can. Akwai wani amfani a zauna ana saita tebur a cikin manhaja ga ƙaramin aiki irin namu?

Dan_Sabongari:
Excel kawai, Malam. Minti talatin ka gama. Mu da muke ƙera inji ɗaya ko biyu a wata, ina ruwanmu da tsarin manyan kamfanoni?

InjiniyaSharada:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, teburin bai yi laifi ba, abin da ka ba shi ya nuna maka. Shi ba ya riƙe wani bayani na kansa, daga cikin kowane fayil yake ɗebowa. In fayil ɗin babu komai, gurbin ma babu komai.

Buɗe kowane yanki ka shiga File, sannan Properties, shafin Custom. A nan za ka rubuta bayanin abu, irin ƙarfensa, nauyinsa, da ko ƙera shi za a yi ko saye. Irin ƙarfe da nauyi kada ka rubuta su da hannu, zaɓi Material da Mass daga jerin da ke wurin, su riƙa sauyawa da kansu duk lokacin da ka taɓa zanen. Maganar lamba kuma, danna dama a kan configuration ɗin yankin, wato sigarsa da ke cikin fayil, ka shiga Properties, za ka ga inda ake zaɓen abin da zai fito a tebur: sunan fayil, sunan configuration, ko sunan da ka rubuta da kanka. Zaɓi na ukun, "kafa sabuwa final2" ta ɓace.

Da ka gama, koma tebur ka ƙara gurabun da kake so, ka haɗa kowanne da bayanin da ya dace, ka jera su yadda kake so, sai ka adana teburin a matsayin samfuri. Fayil ne mai ƙarewa da sldbomtbt. Injin da za ka zana gaba, wannan samfurin za ka ɗauko. Wahalar sau ɗaya ce.

@Dan_Sabongari, Excel ɗinka yana da kyau har ranar da kwastoma ya ce a ƙara wa ƙafafu tsawo. Ka gyara zane, ka manta takarda, yaro ya yanka da tsohon awo.

Dan_Sabongari:
Yallaɓai, wanda zai manta gyara Excel zai manta cike Properties ma. Mantuwa ba ta san manhaja ba.

InjiniyaSharada:
Akwai bambanci. Adadi da tsawo da nauyi ba kai kake cike su ba, zanen ne yake ƙirgawa. Ka cire bol biyu daga haɗi, wato fayil ɗin da aka haɗa yankunan injin duka, 16 ta koma 14 ba tare da ka tuna ba.

Oga_Panteka:
Ku bari mu masu yanka ƙarfe mu sa baki. Takardun da samarin injiniyoyi suke kawo mana, yawancinsu ba mu suka rubuta wa ba, malaminsu suka rubuta wa. Za ka ga layi arba'in, an cuɗa boris da angul da washa da injin fetur wuri ɗaya, bisa yadda aka saka su a kwamfuta. Yaron da zan aika kasuwa sai ya zauna yana tsincewa.

Ni takarda uku nake so. Ta farko ta saye: boris, bel, bol da noti, injin, kowanne da lambarsa ta kasuwa. Ta biyu ta ƙarfe: angul sanda nawa, falle nawa, mai kauri nawa. Ta uku ta yanka, ita ce za a manna a bango kusa da wurin yanka: guntu kaza, tsawo kaza, a kan kwana kaza. In akwai aikin gurza, kamar shaf da fuli, shi ma a ware shi don wani gareji za a kai. Ko da kwamfuta kuka yi ko da biro, ba damuwata ba ce.

Matashin_Injiniya:
Na gode Oga. Wannan ta ukun ita ce ta gagare ni. @InjiniyaSharada, yaya zan yi firam ya daina fitowa 1?

InjiniyaSharada:
Da me ka zana firam ɗin? In da Weldments ka yi, wato kayan zana firam na walda, to fayil ɗaya ne mai jikkuna da yawa, shi ya sa babban tebur yake ganinsa abu ɗaya, kuma daidai ne, domin bayan walda abu ɗaya ne. Guntayen suna cikin cut list nasa, wato jerin yanka. Ka buɗe wa firam zanensa daban, ka saka teburin Weldment Cut List, zai ba ka layi uku: 4 masu 750, 4 masu 900, 4 masu 500, har da kwanar yanka a ANGLE1 da ANGLE2. Takardar Oga ta uku ke nan, ba ka rubuta ko harafi ba.

In kuma kana son su fito a babban tebur, nau'in teburin ne za ka sauya. Guda uku ne: Top-level only yana nuna matakin sama kaɗai, Parts only yana warware komai ya tara iri ɗaya wuri ɗaya, Indented yana nuna uwa da 'ya'yanta. A Indented akwai akwatin Detailed cut list, ka danna shi guntayen su fito ƙarƙashin firam. Amma ni ban cika so ba, takardar tana cika.

Yar_Samaru:
Wani abu da ba a faɗa ba: duba gurbin nauyi kafin ka buga. In ba ka zaɓa wa yanki irin ƙarfe ba, SolidWorks yana lissafi da nauyin ruwa, kilo 1000 a kowace kubik mita, ƙarfe kuwa wajen 7850 ne. Firam ɗinka jimillar tsawonsa mita 8.6. Angul 40x40x4 yana da kilo 2.42 a mita, ka ga wajen kilo 20.8 ke nan. In ka ga tebur ya rubuta kilo 2.6 da wani abu, ka san ruwa ka zana.

MaiWalda77:
Hahaha, injin casar ruwa.

Malam_Inventor:
Ni da Inventor nake aiki, manhajar zanen inji ta kamfanin Autodesk, amma ciwon ɗaya ne. Abin da nake so masu koyo su gane, a Inventor abu biyu ne da mutane suke ɗauka ɗaya. Akwai BOM da ke zaune a cikin fayil ɗin haɗi, akwai Parts List da ke kan zane. In ka gyara bayani a cikin BOM, yana shiga iProperties na yankin, wato bayanan da ke cikin fayil ɗinsa, duk inda aka sake amfani da yankin nan gyaran yana nan. In kuwa a Parts List ka rubuta, a kan wannan takardar kaɗai ya tsaya, rubutun ya koma shuɗi alamar an danne na asali. Duk zanen da aka kawo min na buɗe na ga tebur ya yi shuɗi sama da ƙasa, na san mai shi Excel yake yi a cikin Inventor bai sani ba.

Abu na biyu, kowane yanki yana da matsayi a BOM, guda biyar: Normal, Purchased, Inseparable, Phantom, Reference. Injin fetur ɗin da ka zana da tanki da mazubin hayaƙi don ya yi kyau, sa masa Purchased, ya fito layi ɗaya a Parts Only, kada a ce yaro ya je ya sayo tanki daban. Firam mai walda Inseparable. Ƙaramin haɗin da ka yi don sauƙin aikinka kawai, wanda ba a ƙera shi daban a gareji, Phantom, sai shi ya ɓace 'ya'yansa su hau sama. Buhu ko mutumin da ka tsayar a gefe don a ga girman inji, Reference, ba ya shiga lissafi.

InjiniyaSharada:
Haka ne Malam. A SolidWorks kusan daidai da wannan yana cikin configuration na ƙaramin haɗi: Show, Hide, Promote. Hide ga injin fetur, Promote shi ne Phantom ɗinku. Abin da ba ka so a ƙirga kuma akwai akwatin Exclude from bill of materials. Kuma in ka danna sau biyu a gurbin tebur za ka rubuta, yana tambayarka Keep Link ko Break Link. Keep Link yana mayar da rubutun cikin fayil ɗin yankin. Wannan ma hanya ce mai sauri ga @Matashin_Injiniya, ba sai ya buɗe fayiloli ɗaya bayan ɗaya ba, daga tebur zai cike su duka.

Sito_Challawa:
Ni ma'ajin kaya ne a wata masana'anta, ba na zane, amma takardunku a hannuna suke ƙarewa. Roƙona ɗaya: ku rubuta bayanin kayan saye cikakke. "Bearing" ba bayani ba ne. "Bol 10" ba bayani ba ne. In boris ne ku rubuta 6205-2RS ko 6205-ZZ, don na farkon murfin roba gare shi, na biyun na ƙarfe, kuma a injin da ƙura da ƙaiƙayi ke tashi ba ɗaya suke ba. Bol kuma girma, tsawo, darajar ƙarfi: M10x40, 8.8, zare har ƙarshe ko rabi. In ba ku sa daraja ba, mai saye zai ɗauko mai araha, 4.6 ko wanda babu ko lamba a kansa.

Baba_Mai_Gurza:
Allah ya yi maka albarka Sito. Ƙara musu da gidan boris. UCP205 raminsa milimita 25 ne. UCP205-16 raminsa inci ɗaya, wato 25.4. A ido ba za ka raba su ba, gida ɗaya ne, kwali ma kusan ɗaya. An sha kawo min zane na gurza shaf 25 daidai, a je kasuwa a sayo mai inci, a saka yana lilo, a dawo a ce ni na cinye ƙarfe. Yanzu ba na taɓa shaf sai an ajiye min boris ɗin a kan tebur na auna da hannuna. Ku sa cikakkiyar lamba, kuma a gefen layin shaf ku rubuta boris ɗin da zai hau shi.

Dan_Sabongari:
To Baba, ka ga duk wannan bayanin da hannu za a rubuta shi ko a ina ne. Manhaja ba ta san UCP205-16 ba sai an gaya mata.

Yar_Samaru:
Sau ɗaya za a gaya mata. Ka buɗe folda ta kayan saye, ka ajiye UCP205 da bayaninsa cikakke, duk injin da ya shiga ya tafi da bayaninsa. Mu a wurinmu mun yi fom da Property Tab Builder, yana zuwa tare da SolidWorks. Gefen allo fom ɗin yake fitowa, ka zaɓi "ƙera" ko "saye" ko "gurza" daga jeri, ba rubutu. Amfaninsa, ba za a samu wani ya rubuta "Saye", wani "saye ", wani "siya" ba, a zo tacewa a rasa rabi. Da wannan gurbin ake tsara tebur, takardun nan na @Oga_Panteka su fita daga tushe ɗaya.

MaiWalda77:
Tunda ana maganar bol, ku bar ni in yi ƙorafi. Wani injiniya ya bar wa kan bol M10 wuri matsattse a cikin kwana, ya ce ya auna a kwamfuta sifana za ta shiga. Da aka sayo bol, soket 17 ya ƙi zama. Ya ce ai M10 16 ce. Na ce ni tun ina yaron shago M10 17 ce.

InjiniyaSharada:
Ku duka biyun kuna da gaskiya, abin takaicin ke nan. A tsohon ma'aunin Jamus, DIN 933 da DIN 931, kan M10 milimita 17 ne, M12 kuma 19. A ISO 4017 da ISO 4014 da suka gaje su, M10 ta koma 16, M12 ta koma 18. Shi ya ɗauko na ISO daga Toolbox, rumbun bol da noti na SolidWorks, kasuwa ta ba ku na DIN. Shi ya sa a gurbin bayani nake rubuta ma'aunin da na san za a samu, kuma da shi nake zana.

Badamagare:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya, ina bin maganar daga Damagaram. Mu a makaranta da Faransanci muka koya, teburin a saman akwatin suna yake zama, kanunsa a ƙasa, lamba 1 a ƙasa, ana hawa sama. Dalili, in an ƙara kaya sai a ci gaba da rubutu sama ba a goge komai ba. Wannan daga zamanin zane da fensir ne, amma har yanzu malamai haka suke so, kuma duka SolidWorks da Inventor suna bari ka juya teburin haka.

Abin da nake so in ja hankalin masu son Excel: in kun aiko mana fayil ɗin CSV, wato teburin da aka raba gurabunsa da waƙafi, a kwamfutocinmu masu saitin Faransanci waƙafi shi ne alamar ɗigo a lissafi, 2,42 maimakon 2.42, kuma gurabu da waƙafi mai ɗigo ake raba su. Fayil ɗinku yana buɗewa duk a cunkushe a gurbi ɗaya. Na sha karɓar irinsa daga Kano. In za ku aiko, ku aiko xlsx ko PDF.

Sito_Challawa:
Maraba da Badamagare. Excel yana da wasu halayen ma. Lamba mai farawa da sifiri, 00412, yana mayar da ita 412. Ka rubuta 10-12 ya mayar da ita kwanan wata. Ka rubuta 1/2 na fayif rabin inci, shi ma kwanan wata. Sai ka mayar da gurbin Text kafin ka zuba. Na taɓa karɓar takardar neman kaya an rubuta fayif "2-Jan".

Dan_Sabongari:
Kun taru a kan Excel kamar ya ci muku bashi. To ku gaya min, farashi fa? A ina za ku lissafa kuɗin inji in ba a can ba?

Matashin_Injiniya:
Wannan ma na so in tambaya. Na ga ana iya yin gurbin lissafi a teburin SolidWorks, adadi sau farashi. In sa farashi a Properties?

InjiniyaSharada:
A nan kam ina tare da Dan_Sabongari. Ana iya yi, amma kada ka yi. Tsawon ƙafa ba ya sauyawa sai ka sauya shi, farashin angul kuwa kafin ka gama zane ya motsa. Za ka riƙa buɗe fayiloli kana adanawa saboda kasuwa ta tashi? Sannan zane yana yawo, gobe yana hannun kwastoma ko wanda kuke takara da shi, ga kuɗin da ka sayi kowane abu a rubuce. Ka ajiye farashi a Excel daban, kowane layi da lambar yanki. Ka fitar da tebur daga manhaja, ka haɗa su da VLOOKUP, umarnin Excel da ke nemo farashi ta lambar yanki. Hanya ɗaya ce: daga manhaja zuwa Excel. Abin da ban yarda da shi ba, a gyara adadi ko awo a can.

Hajiya_Kwangila:
Ni ba injiniya ba ce, ina ba da aikin injinan niƙa da na casa ga ƙungiyoyin mata. Abin da na lura, kuɗin da ake ba ni a farko kullum sai an dawo an ce a ƙara, kuma in na tambaya sai a ce fenti, sandar walda, faifan yanka, giris. Su waɗannan ba sa shiga teburin naku ne?

Malam_Inventor:
Ranki ya daɗe, tambayarki ta fi ta wasu injiniyoyin. Ba sa shiga da kansu saboda ba a zana su, tebur kuwa abin da ke cikin haɗi yake ƙirgawa. Amma akwai hanya. A Inventor in za ka ƙirƙiri sabon yanki akwai akwatin Virtual Component, yanki ne marar jiki, suna da lamba da adadi kawai. Ka sa fenti, ka mayar da ma'auninsa lita maimakon guda. A SolidWorks ma ana saka yanki fanko a cikin haɗi a ba shi bayani. Manyan masana'antu jeri biyu suke riƙewa, na masu zane da na masu ƙira, na biyun ne yake ɗauke da irin waɗannan har da kwalin da za a naɗe. Mu da ba mu da ma'aikatan da za su riƙe biyu, gara mu zuba su a ɗaya. Ki riƙa tambaya tun farko ko suna cikin jerin.

Oga_Panteka:
Hajiya, ko sun shiga, sandar walda ba a iya ƙirga ta daidai. Yaro mai koyo zai ƙona ninki biyu na abin da ni zan ƙona, kuma in wuta tana rawa ma haka. A sa kimantawa dai.

Bari in dawo kan angul, don akwai inda kwamfutarku take yaudararku. Tana tara tsawo ta ce jimilla kaza, ku raba da 6 ku ce sanda kaza. A firam ɗin yaron nan ba matsala, 8.6 sanda biyu ce har da saura. Amma a ce guntaye 5 kake so masu mita 2.1. Jimilla 10.5, ka ce sanda biyu ta isa tunda 12 ce. Sanda ɗaya guntu biyu take bayarwa, na uku yana buƙatar 6.3. Sanda biyu guntu huɗu. Sai ka sayo ta uku saboda guntu ɗaya, ko ka yi jona a inda bai kamata ba. Kuma kowane yanka faifai yana cin wajen milimita 3. Kuma ba duk sandar da ake kira mita 6 ce take cika 6 ba, na sha auna 5.8, har ƙasa da haka. Kauri ma haka, a ce maka 4 ka sa ma'auni ka ga bai kai ba. Yarona ba ya zuwa kasuwa sai da tef.

Yar_Samaru:
Gaskiya ne Oga. Akwai TOTAL LENGTH a cut list, amma tarawa kawai yake yi, bai san tsawon sandar kasuwa ba. Falle ma haka. Nauyin guntayen da ka zana ba shi ne abin da za ka saya ba, fallen 4x8 za ka saya sukutum, 1220 da 2440, mai kauri 3 wajen kilo 70. Yadda za a shimfiɗa guntaye a kansa lissafi ne daban.

Linux_Arewa:
Duk kuna ta SolidWorks da Inventor, mu faɗa wa juna gaskiya, mutum nawa a nan ya biya lasisi? FreeCAD kyauta ne halak malak. Tun fitowar 1.0 a Nuwamba 2024 yana da Assembly, wato wurin haɗa yankuna, a cikinsa, da maɓallin Bill of Materials da ke fitar da jerin a Spreadsheet, ka ƙara gurabun da kake so, ka ɗora shi a zane ta TechDraw. Ga injin casar masara ya isa har ya yi yawa.

MaiWalda77:
An zo wurin. Kowace muhawara sai Linux ya kawo mana wa'azi.

Linux_Arewa:
Ba wa'azi ba ne. Ranar da babban kamfani ya ce ka turo fayil, ko ka nemi aiki daga waje, maganar lasisi za ta taso.

Malam_Inventor:
Maganarsa tana kan hanya. Ɗalibai dai Autodesk yana ba su lasisin karatu kyauta na shekara ɗaya, ana sabuntawa muddin kana makaranta, amma ba na kasuwanci ba ne. FreeCAD na gwada, teburinsa yana aiki, sai dai bai kai waɗancan santsi ba wajen firam da lissafin yanka. Wanda aikinsa duk angul da fayif ne zai ji bambanci.

Admin_Zaure:
Jama'a, maganar lasisi tana da zarenta daban, a kai can. Kuma kada kowa ya saka mahaɗin manhajar sata a nan. A ci gaba da jerin kaya.

Baba_Mai_Gurza:
To bari tsoho ya ƙara ɗaya. Lambobin nan da kuke sawa a da'ira a kan zane, 1, 2, 3, ku daina sauya su bayan takarda ta fita. Na rubuta 7 da alli a kan shaf, washegari a kawo sabon zane 7 ta zama murfi, shaf ya koma 6, saboda an cire wani abu a sama komai ya zame. Gareji ya rikice.

InjiniyaSharada:
Baba, wannan ma saiti ne. A teburin SolidWorks akwai Do not change item numbers, akwai kuma Keep missing item, wanda in an cire abu layinsa yake zama a soke da zare, lambarsa ba ta tafi wurin wani ba. A Inventor ana kulle lambobin. Amma maganin gaske, a kan ƙarfe a rubuta lambar yanki, ba lambar layi ba. Lambar layi ta takarda ɗaya ce, lambar yanki ta abin ce har abada.

Matashin_Injiniya:
To lambar yankin yaya zan tsara ta? Na yi tunanin CM-FR-001, wato casar masara, firam, na ɗaya.

Sito_Challawa:
Kada ka sa sunan inji a lamba. Gobe ka yi injin casar dawa da wannan fulin, sai ya zama CM a cikin injin da ba na masara ba, ko ka ba shi sabuwar lamba, ni kuma in ajiye abu ɗaya a kanta biyu. Lamba zalla, 10001, 10002, bayani ya yi sauran aikin.

Oga_Panteka:
Sito, kai kana da kwamfuta a gabanka. Ni in na ga 10047 a kan guntun ƙarfe me zan gane? FR na gani na san na firam ne, na jefa shi inda 'yan'uwansa suke.

Yar_Samaru:
Mu tsakiya muka bi. Harafi ɗaya na irin aiki, sauran lamba: W na walda, G na gurza, S na saye. Babu sunan inji. Har yau ba mu yi karo ba, sai dai ranar da muka daina gurza wani fuli muka koma sayensa, G ɗin ta zama ƙarya, muka bar ta haka.

Sito_Challawa:
Kin ga abin da nake faɗa ke nan.

Matashin_Injiniya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na cike bayanan daga tebur da Keep Link, na fitar da cut list na firam, nauyi ya fito 20 da ɗoriya. Takardar saye da farashi kuma na kai Excel. Na ƙara gurbi ɗaya na bayani da Hausa saboda yaran shago, amma da na buga PDF, ƙ da ɗ sun fito akwatuna.

Linux_Arewa:
Nau'in rubutun teburin ne ba shi da su. Sauya zuwa Noto Sans ko DejaVu Sans, duka kyauta ne kuma suna da ƙ, ɗ, ɓ. Ka adana shi a samfurin don kada ka sake. In za ka fitar da CSV kuma ka tabbata tsarin haruffansa UTF-8 ne, in ba haka ba za su koma alamar tambaya.

Dan_Sabongari:
To ai ga shi a ƙarshe ka je Excel ɗin. Ni dai har yanzu ga inji ɗaya tilo da ba za a sake ƙera irinsa ba, ban ga abin da zai sa in zauna cike fom ba.

InjiniyaSharada:
Wane inji ne ka taɓa ƙerawa ya yi kyau ba a dawo an ce a yi wani ba?

MaiWalda77:
Kafin a watse, Matashi, duba maƙalan murfinka. In na hagu da na dama ne, kada su fito layi ɗaya adadi 2. Haka aka kawo mana wani, muka lanƙwasa duka biyun gefe ɗaya.

Matashin_Injiniya:
Layi ɗaya suka fito kuwa. Fayil ɗaya ne, configuration biyu.

Yar_Samaru:
Shiga saitin teburin, wajen Part configuration grouping, zaɓi wanda yake nuna kowace configuration a layinta. Sannan ka ba kowanne lambarsa, ka rubuta hagu da dama a bayani. In kafin lanƙwasa guntayen iri ɗaya ne, a takardar yanka su zauna tare, adadi 2, a ta lanƙwasa su rabu.